Bin umarnin Allah: Don ƙauna kake yi ko don gudun bulala?

A wannan makon da 'yan'uwana matasa Kirista nake magana, amma duk wanda ya tsaya ya saurara ba zai rasa abin tsinta ba.

Na tabbata ka taɓa shiga motar haya daga Jos zuwa Kaduna, ko daga Gombe zuwa Yola, ka ga abin da direba ke yi idan ya hango jami'an kiyaye haɗurra a gaba. Tun daga nesa zai rage gudu, ya jawo bel ya ɗora a ƙirji. Wani ko maƙalawa ba ya yi, da hannu ɗaya yake riƙewa, yana ce wa na gidan gaba, "Malam, taimaka ka ja naka." Da an wuce shingen sai ka ji fat, bel ya koma inda ya fito, gudu kuma ya dawo sabo.

To idan an isa tasha, ka lura da matar nan mai jariri da kuka taho tare. Za ta sunkuya ta ɗora shi a baya, ta ɗaura zani, ta ƙara majanyi, ta ja ƙullin, ta kai hannu baya ta taɓa kansa, sannan ta ɗauki kayanta. Babu jami'in da ke tsaye a kanta, babu tarar da za a ci ta. Abin da ke bayanta ne ya fi mata komai a duniya.

Direba ya ɗaura, uwa ma ta ɗaura. Tambayar da nake so ka riƙe har mu kai ƙarshe ita ce: yadda kake bin umarnin Allah, da wanne ya fi kama a cikin biyun?

Lahadin da babu mai buga ƙofa

Bari in fara da kaina. A gidanmu ƙarfe biyar na asuba ake addu'ar iyali. Baba sau ɗaya yake buga ƙofa da hannu, idan ya dawo karo na biyu to da dorina ne. Ban taɓa fashin makarantar Lahadi ba, ayoyin haddata sun fi na kowa a ajinmu, ina cikin mawaƙa, ina cikin zumuntar matasa. Iyaye mata a coci da ni suke yi wa 'ya'yansu misali.

Sai na sami gurbi a jami'a. Lahadin farko na farka da asuba kamar yadda jiki ya saba, na kwanta ina kallon rufin ɗaki, sai ya faɗo mini a rai cewa yau fa babu mai buga ƙofa. Na ja bargo na koma barci. Lahadi ta biyu haka, ta uku haka. Kafin zangon karatu ya ƙare na koyi leƙa takardar na kusa da ni a ɗakin jarrabawa, na kuma koyi yi wa Mama ƙarya a waya ba tare da muryata ta yi rawa ba.

Abin da ya tayar mini da hankali daga baya shi ne ban ji kewar komai ba. Wanda ya rabu da masoyinsa yakan ji gurbin a zuciya, ni kuwa sakayau na ji, kamar an sauke mini kaya. A nan na gane cewa abin da na ɗauko shekara 18 tsoron dorinar Baba ne da tsoron bakin mutane, na lulluɓe su da sunan tsoron Allah. Ba laifin Baba nake gani ba, ya yi abin da ya sani, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sai dai dorina ba ta shiga jakar tafiya. Ta tsaya a gida, ni kuma na tafi.

Wataƙila naka ranar ba ta zo ba tukuna. Za ta zo. Ko a jami'a, ko a garin da aka tura ka bautar ƙasa inda babu wanda ya san sunan mahaifinka, ko a cikin wayar nan da ke hannunka wadda kai kaɗai ka san lambar buɗe ta.

Ai an ce a ji tsoron Allah

Na san abin da za ka ce: haba, ba Littafin Karin Magana ne ya koya mana cewa hikima daga tsoron Ubangiji take farawa ba? Haka ne, yana nan a sura 9 aya 10. Babu Kiristan da zai goge wannan. Amma tsoro iri biyu ne, kuma wuri ɗaya a Littafin Fitowa ya nuna su tare.

A sura 20, bayan an ba da Dokoki Goma a Dutsen Sina'i, jama'a sun ga walƙiya da hayaƙi, sun ji tsawa, suka ja da baya suna makyarkyata. Suka roƙi Musa ya riƙa yi musu magana da kansa, kada Allah ya yi, don suna ganin mutuwa za su yi. A aya ta 20 Musa ya hana su jin tsoro, a cikin numfashi guda kuma ya gaya musu cewa Allah ya zo ne domin tsoronsa ya zauna a gabansu, ya tsare su daga zunubi. Ka ga an hana tsoro, an kuma umarci tsoro, a aya ɗaya. Na farko shi ne mai sa ka gudu ka ɓuya, kamar yadda Adamu ya ɓuya cikin itatuwa. Na biyu girmamawa ce, irin wadda ke sa ɗan da ya girma ya rage murya a gaban mahaifinsa ko da tsohon ba ya iya ɗaga sanda.

Yesu ma ya haɗa biyun. A Matiyu sura 10 ya gargaɗi almajiransa su ji tsoron wanda ke da iko a kan rai da jiki duka, nan take kuma ya tuna musu cewa ko gashin kansu a ƙidaye yake a wurin Uban, saboda haka kada su firgita.

Akwai wani abu kuma a Fitowa 20 da muke tsallakewa idan muna haddar dokokin. Kafin doka ta farko, Allah ya fara gabatar da kansa a matsayin wanda ya fito da su daga bautar Masar. Bai aika wa bayi da dokoki a Masar ya ce in kun cika su zan zo in fitar da ku ba. Sai da ya fitar da su, ya ratsa da su teku, ya ciyar da su a jeji, sannan ya ce ga yadda mutanena za su rayu. Ceto ne a gaba, doka na biye. Waɗanda suka tsara Katekizim na Heidelberg a Jamus a 1563, wato littafin koyar da bangaskiya ta hanyar tambaya da amsa, sun gane wannan. Sun raba littafin kashi uku, halin zunubi, da ceto, da godiya, sai suka sa bayanin Dokoki Goma a kashi na uku. A wurinsu biyayya hanyar cewa na gode ce.

Bawa, ɗan ƙwadago da ɗan gida

Wani malamin ikilisiya na ƙarni na huɗu mai suna Basil, bishop na Kaisariya a ƙasar da yau ake kira Turkiyya, wanda ya rasu a 379, ya kasa masu biyayya kashi uku. Akwai mai barin mugunta don gudun hukunci, wannan halin bawa ke gare shi. Akwai mai aiki don lada, shi kuma ɗan ƙwadago ne. Akwai mai yi don ƙaunar wanda ya ba da umarnin, shi ne ɗa.

Su ukun za ka iya samun su a gona ɗaya suna noma kunya ɗaya, daga nesa ba za ka bambanta su ba. Sai mai gona ya yi tafiya. Bawa ya nemi inuwa, ɗan ƙwadago ya duba rana ya ƙirga awanninsa, ɗa kuwa ya ga hadari ya taso ya ƙara sauri, don gonar tasu ce.

Kada ka ɗauka sai a wajen coci ake samun bawa. Ka koma Luka sura 15, labarin ɗan da ya karɓi gādonsa ya je ya lalatar. Kullum ƙaramin muke kallo, amma ka dubi babban. Bai taɓa barin gida ba. Da ya dawo daga gona ya ji kiɗa, ya ƙi shiga. Ƙorafinsa ga mahaifinsa shi ne ya yi shekaru yana yi masa bauta, bai taɓa ƙetare umarninsa ba, amma ko ɗan akuya ba a taɓa ba shi ya ci da abokansa ba. Ka ji bakin bawa da bakin ɗan ƙwadago a jikin ɗan gida. Uban ya fito har waje yana lallashinsa, ya kira shi ɗansa, ya tuna masa cewa duk abin da ke gidan nasa ne. Yesu bai gaya mana ko ya shiga ba. Ya bar labarin a buɗe, domin Farisiyawa da malaman Attaura da ke gunaguni a gabansa su ne babban ɗan.

Da yawanmu da muka tashi a cikin coci mu ne wannan yayan. Alamarsa ita ce jin haushi. Kana ganin abokinka yana sheƙe ayarsa, kai kana kamewa, a can ƙasan zuciyarka kuma kana jin an cuce ka. Idan ya tuba aka karɓe shi hannu biyu, maimakon murna sai ka ji wani abu ya tokare maka maƙogwaro. Wanda ke hassadar mai zunubi, zunubin yake so, bulala ce kawai ta tare shi. Kura ta san gidan mai babbar sanda, amma kewaye gidan da take yi bai mayar da ita tunkiya ba.

Iyakar abin da tsoro zai iya

Kada mu raina tsoro gaba ɗaya. Yana da aikinsa. Agustin, bishop na Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, wanda ya rasu a 430, ya kwatanta shi da ɗinki a wa'azinsa kan Wasiƙar Yahaya ta Fari. Allura ce ke fara huda ƙyalle, amma zare ne ke riƙe ɗinkin, kuma sai allurar ta fita zaren ke samun wurin zama. Mutane da dama tsoron mutuwa ko tsoron hukunci ne ya fara tashe su daga barci, wannan ba abin kunya ba ne. Matsalar ita ce rigar da aka bar allura a jikinta: ba ta ɗinku ba, ga shi tana sukar mai sawa.

Martin Luther na Jamus ya ɗanɗana wannan. A watan Yulin 1505, yana ɗalibin shari'a ɗan shekara 21, hadari mai tsawa ya rutsa da shi a hanya kusa da Erfurt. Cikin firgita ya yi alkawarin zai shiga gidan masu zuhudu idan ya tsira, ya kuwa cika. Ya yi azumi, ya yi tsayuwar dare, yakan daɗe yana furta zunubansa har ya gajiyar da mai sauraronsa. A ƙarshen rayuwarsa ya rubuta cewa a waɗannan shekarun ba ya ƙaunar Allahn nan mai hukunta masu zunubi, haushinsa ma yake ji. Ka duba fa, mutumin da ya fi kowa ƙoƙari. Sai da ya zauna da Wasiƙar Romawa, musamman sura 1 aya 17, ya gane cewa adalcin da ake magana a kai kyauta ce da Allah ke bayarwa ta wurin bangaskiya, sannan ya sami sakewa. Da ya rubuta ƙaramin katekizim ɗinsa a 1529, bai jefar da tsoro ba. A bayanin dokokin ya riƙa haɗa tsoron Allah da ƙaunarsa wuri ɗaya, ɗaya bayan ɗaya.

Tsoro yana da wani rauni kuma: wanda ya fi shi girma na iya kore shi. Idan tsoron wuta ne kaɗai ke hana ka satar amsa, ranar da tsoron faɗuwa jarrabawa da maimaita shekara ya tsaya a gabanka ido da ido, shi zai yi nasara, domin yana kusa, wancan kuwa kana ganinsa da nisa. Haka yarinyar da tsoro kaɗai ke riƙe ta, ranar da saurayi ya ce zai tafi idan ba ta yarda ba, tsoron rasa shi na iya rinjayar na farko. Har hana aikin alheri tsoro na yi. A misalin talanti a Matiyu 25, bawan da ya binne kuɗin ubangidansa a ƙasa ya faɗi dalilinsa da bakinsa: yana ganin maigidan mai tsanani ne, sai ya ji tsoro. Bai saci ko kwabo ba, bai kuma amfani kowa ba.

Dubi Bitrus. Ya yi rantsuwa zai mutu tare da Ubangijinsa, amma a daren da aka kama Yesu, baiwa mai tsaron ƙofa ta yi masa tambaya ɗaya ya musanta, ya je yana jin ɗumin wutar gawayi ya sake musantawa har sau uku. Bayan tashin Yesu daga matattu, a Yahaya sura 21, a bakin wata wutar gawayin suka sake haɗuwa. Yesu bai karanto masa laifinsa ba, bai tsoratar da shi da hukunci ba. Sau uku ya tambaye shi ko yana ƙaunarsa, sau uku kuma ya danƙa masa kiwon tumakinsa. Wannan Bitrus ɗin ne daga baya ya tsaya a gaban majalisar da ta yanke wa Yesu hukunci, a Ayyukan Manzanni sura 5, ya ce biyayya ga Allah ce ke gaba da biyayya ga mutane.

Kada a fake da ƙauna

Yanzu ga ɗaya ramin. Wani zai karanta wannan ya ce, madalla, tunda Allah ƙauna ne, mu muna ƙarƙashin alheri, kowa ya yi abin da ransa ke so. Bulus ya riga ya toshe wannan ƙofar a farkon Romawa sura 6, inda ya yi tambayar ko za mu ci gaba da zunubi don alheri ya ƙaru, ya kuma amsa da a'a mai ƙarfi. Yesu da kansa, a Yahaya 14 aya 15, ya ɗaura ƙaunarsa da kiyaye umarninsa. Saurayin da ke cewa yana son ki amma duk abin da kika ce ba kya so shi yake yi, kin san sunan abin da yake yi, ba so ba ne.

Gaskiyar magana, ƙauna ta fi tsoro neman abu a wurinka. A taron zumuntar matasa, da an buɗe filin tambaya kan soyayya, sai ka ji an turo 'yar takarda ba suna: har ina saurayi da budurwa za su kai kafin ya zama zunubi? Wannan tambayar direban nan ce, yana so ya san daidai inda shingen yake. Mai ƙauna tambayarsa daban: me zai faranta wa Ubangiji rai, me kuma zai kare mutuncin wannan da nake cewa ina so? Malaman Yahudawa sun ƙirga dokoki 613 a cikin Attaura. Da aka tambayi Yesu wacce ce babba, a Markus sura 12, ya tattara su a biyu, ƙaunar Allah da dukan zuciya, da ƙaunar maƙwabci kamar kai. Mai lissafi zai iya samun kafa a tsakanin dokoki 613, amma a cikin biyun nan babu wurin ɓuya.

Yusufu matashi ne kamarka. Yana da shekara 17 lokacin da labarinsa ya fara a Farawa 37, 'yan'uwansa suka sayar da shi, ya tsinci kansa a Masar, babu uba, babu wanda ya san gidansu. Ba a ma ba da Dokoki Goma ba tukuna. Da matar Fotifar ta matsa masa, abu biyu ya ambata: amanar da maigidansa ya ba shi, da kuma cewa abin zunubi ne ga Allah. A lissafin tsoro, ƙin yarda ne ya fi haɗari, kuma kurkuku ya kai shi. Duk da haka ya bar mata rigarsa ya gudu.

To yaya za a yi?

Da farko ka gwada kanka, tsakaninka da Allah. Idan ka faɗi cikin zunubi, me ke fara zuwa ranka: kada a sani, ko na ɓata wa Ubana rai? Bayan ka faɗi, gudun addu'a kake yi har sai ka ga kamar fushin ya huce, ko wurinsa kake nufa da laifin a hannu? Idan ka sa baiko ko ka fitar da zakka, godiya ce, ko kana biyan kuɗin kariya ne kada wani abu ya same ka? Da za a tabbatar maka babu wanda zai taɓa sani, me za ka daina, me za ka fara?

Idan amsoshin sun ba ka kunya, kada ka karaya, kuma kada ka daina biyayya kana jiran sai ka ji wani daɗi a zuciya. Uwar nan mai goyo ba kullum take jin daɗin tashi cikin dare ba, amma tana tashi. Sai dai ka sani ba a matso ƙauna da ƙarfin tsiya. Wasiƙar Yahaya ta Fari sura 4, wadda ta ce cikakkiyar ƙauna na korar tsoro, a aya ta gaba ta faɗi inda ƙaunar ke fitowa: shi ne ya fara ƙaunarmu. Saboda haka ka rage kallon kanka, ka ƙara kallon abin da aka yi dominka a kan gicciye. Ɗauki Bishara ɗaya, Luka ko Yahaya, ka karanta ta daga farko har ƙarshe, kana lura da yadda Yesu ke yi da waɗanda suka kāsa. Ka gaya wa Allah gaskiya a addu'a, ko da gaskiyar ita ce, "Ya Uba, tsoronka nake ji, ban san ko ina ƙaunarka ba." Romawa 8 aya 15 ta ce Ruhun da muka karɓa na 'ya'ya ne, ba na bautar da ke mayar da mutum cikin tsoro ba, ɗa kuwa yana da izinin faɗa wa ubansa abin da ke ransa. Ka kuma nemi wani babba a bangaskiya wanda za ka iya gaya wa faɗuwarka ba tare da ka ji ta a bakin mutane ba.

Ku kuma da ke koyar da ƙannenmu a makarantar Lahadi da zumuntar matasa, ku faɗi gaskiyar hukunci, tana cikin Littafi. Amma idan ita kaɗai yaro ya sani, to direbobi muke yayewa, masu jan bel idan sun hango shinge.

Ni dai a shekarata ta biyu na koma coci, ba wanda ya buga mini ƙofa. Na zauna a bencin baya, ba na cikin mawaƙa, ba wanda ya san ni balle ya yi misali da ni. Da na je hutu na ba Baba labarin duka, har da na jarrabawar. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Gobe kai za ka ja mana addu'ar asuba." Washegari na riga shi tashi.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa. Ubangiji ya kiyaye mu.